Makonni 11 a Kan Dutse: Yadda Ake Mayar da Gwanin Zamiya Malami

A makon farko na watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a arewacin duniya, motocin safa kan sauke matasa rukuni-rukuni a garuruwan da ke gindin manyan tsaunuka: Banff da Whistler da Fernie a Kanada, Méribel da Val d'Isère a Faransa, Verbier a Suwizalan, Niseko a Japan. Kowannensu na janye da doguwar jaka mai ɗauke da alluna biyu sirara, da sanduna biyu, da takalma masu taurin gaske. Yawancinsu ba su daɗe da gama sakandare ko jami'a ba, ko da yake ba a rasa ɗan shekara arba'in da ya gaji da zaman ofis ya ajiye aiki. Sun biya kuɗi masu kauri domin su yi makonni 10 ko 11 suna koyon sana'a guda, wato koya wa mutane zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Wanda ya kalli hotunan tallan irin wannan kwas zai yanke hukunci nan take cewa hutu ne na 'ya'yan masu hali, aka lulluɓe shi da takardar shaida don iyaye su samu abin faɗa wa maƙwabta. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, kuma zan dawo kansa. Sai dai a ganina kwas ɗin yana yin wani abu da manyan makarantu da yawa suka kasa yi. Yana ɗaukar koyarwa a matsayin sana'a mai zaman kanta, yana horar da ita, yana kuma jarraba ta daban da gwanintar wasan. Darajarsa a nan take. Aibinsa kuma yana cikin alkawarin da masu tallarsa ke yi game da abin da zai biyo bayan takardar.

Wasan da jiki ke ƙi

Kafin a gane wahalar koyar da zamiya, sai an gane abin da ya sa koyonta ke da wuya. Duk abin da jikin ɗan Adam ya saba yi idan ya ji tsoro, a wannan wasa shi ne kuskure. Mutumin da ya tsinci kansa a gangare mai santsi yakan ja jikinsa baya, ya nisanci ramin da yake hangowa. Da ya yi haka nauyinsa ya bar goshin allunan, goshin kuma shi ne linzami, sai allunan su kwashe shi a guje ba tare da ya iya juya su ba. Abin da ake so ya yi shi ne ya jingina ƙwaurinsa da gaban takalmin, ya karkata zuwa inda yake tsoro. Haka ma wajen kwana: mai son juyawa hagu, ƙafarsa ta dama zai ɗora wa nauyi. Hankali na cewa wani abu, malami na cewa kishiyarsa, ga sanyi na cizon yatsu, ga yara ƙanana na wucewa ta gefe kamar tsuntsaye.

Wanda ya fara zamiya tun yana ɗan shekara huɗu bai san da wannan yaƙi ba. Jikinsa ya haɗiye darasin tun kafin ya iya bayyana shi da baki. Idan ka tambaye shi yadda yake yin kwana, iyakar amsarsa ita ce, ai juyawa kawai ake yi. Irin waɗannan gwanaye ne suka fi cika kwas ɗin, kuma su ne suka fi shan mamaki a makon farko.

Yini guda

Rayuwar kwas ɗin tana da tsari irin na bariki. Ana kwana mutum biyu zuwa huɗu a ɗaki, a gidan haya ko masauki mai sauƙin kuɗi, ɗaki na warin safa da jiƙaƙƙen safar hannu. Ana tashi gari bai waye ba, domin rana a tsakiyar hunturu ba ta fitowa da wuri. A Banff, inda ake bin mota zuwa filayen Norquay da Sunshine da Lake Louise, akwai safiyar da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, har ɗalibai su riƙa duba fuskokin juna ko fatar kumatu ta fara fari, alamar sanyi ya soma cin nama. Wajen ƙarfe tara ake buɗe kujerun da ke tafiya a kan waya suna kai mutane ƙololuwar dutse, wajen ƙarfe huɗu kuma a rufe.

Tsakanin waɗannan sa'o'i, rukuni na mutum takwas ko goma na bin mai horarwa guda. Ya sauka su biyo shi ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ya gaya wa kowa laifinsa a gaban 'yan'uwansa. A sa su sauka da ƙafa ɗaya, a sa su sauka ba sanduna, a sa su sauka da maɗaurin takalmi a kwance don su ji inda nauyinsu yake. Da yamma a taru gaban talabijin a kalli bidiyon da aka ɗauka, a tsayar da hoto daidai inda mutum ya karkace. Da yawa a nan suke fara ganin cewa siffar da suke ji a jikinsu da siffar da duniya ke gani sun yi hannun riga.

Bayan haka akwai darussan da ba a sawa a hoton talla: taimakon gaggawa, dokokin kare yara, yadda ake goge gefen allo da shafa masa kakin zuma, da ƙa'idojin hanya, waɗanda babbarsu ita ce wanda ke gabanka a gangare shi ke da haƙƙi, kai na baya kai za ka kauce. Akwai kuma darasin zaftarewar dusar ƙanƙara, inda ake binne na'ura mai aika sigina a ce ɗalibai su nemo ta da na'urorinsu da sandar bincike da shebur, ana duba agogo. Dalilin agogon shi ne wanda dusar ta binne, idan aka wuce kimanin minti 15 ba a tono shi ba, damar samunsa da rai na raguwa ƙwarai. A Turai ana auna haɗarin zaftarewa da ma'auni mai hawa 5, kuma ana so ɗalibi ya saba duba shi kowace safiya kafin ya ɗaura takalmi.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Garuruwan nan cike suke da mashaya, kuma shagalin bayan saukowa daga dutse al'ada ce mai ƙarfi. Akwai ɗaliban da kuɗin iyayensu a can yake ƙarewa. Akwai kuma waɗanda kwas ɗinsu ke ƙarewa a mako na uku a kan gadon asibiti, saboda tsinkewar jijiyar gwiwa, raunin da ya fi addabar masu wannan wasa.

Ranar komawa garma

Ranar da ta fi kowace muhimmanci a kwas ɗin ita ce ranar da mai horarwa ya sauko da gwanayen nan daga ƙololuwa, ya kai su filin 'yan koyo, inda gangaren bai fi na ƙofar gida ba. A nan zai ce su haɗa goshin allunansu su ware bayansu, siffar da Turawa ke kira garmar dusar ƙanƙara, wadda da ita kowane sabon shiga ke koyon rage gudu da tsayawa. Zai ce su sauka a hankali, a hankali ƙwarai, yadda mai kallo zai ga kowane motsi filla-filla. Sai ka ga saurayin da jiya ya sauko baƙar hanya, wato mafi tsananin gangare, yana tangaɗi a inda jarirai ke wasa. Gudu yana rufe aibi. Tafiyar hawainiya kuwa ba ta bar wa kuskure wurin ɓuya.

Daga nan sai a juya wasan. Ɗaya ya zama malami, sauran su zama ɗalibai, mai horarwa ya raba musu halaye a asirce: kai ka zama matsoraci, ke ki zama yarinyar da ke kukan uwarta, kai ka zama magidancin da ke ganin ya fi ƙarfin a gyara masa. Malamin wucin gadi zai gane cewa jawabin minti biyar da ya haddace ba shi da amfani ga mutanen da ke tsaye cikin iska suna karkarwa. Dole ya rage magana zuwa jimla ɗaya, ya nuna da jiki, ya zaɓi gangaren da ya dace, ya tsayar da rukuninsa a inda na sama za su hango su, ya riƙa ƙirga kawuna a kowace tsayawa. Dole kuma ya koyi kallo: ya ga mutum ya faɗi, ya gano cewa faɗuwar ta samo asali ne daga abin da ya faru daƙiƙa biyu kafin nan, ya zaɓi gyara guda ɗaya tak daga cikin biyar da ya gani.

Wannan tunani ya daɗe. Hannes Schneider, mutumin yankin Arlberg na ƙasar Ostiriya, ya fara koyarwa a St. Anton a 1907, ya horar da sojojin dutse a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya kafa makarantarsa a farkon shekarun 1920. Gudunmawarsa ita ce tsani: a fara da garma, a hau zuwa kwana mai sauƙi, a hau zuwa mai wuya, a raba ɗalibai aji-aji bisa iyawarsu, malamai kuma su koyar da abu iri ɗaya. 'Yan Nazi sun tsare shi a 1938, ya ƙaura zuwa Amurka a 1939, tsarinsa kuma ya bazu a duniya. Kusan duk makarantar zamiya ta yau jikanyar wannan tsani ce.

Tsani biyu

Kamar yadda ɗalibi ke hawa tsani, haka malami. Ƙungiyar malaman zamiya ta Kanada, CSIA, wadda aka kafa a 1938, tana da mataki huɗu. Takwararta ta Birtaniya, BASI, wadda ta fara a 1963, ita ma huɗu gare ta. Matakin farko bai kai mako guda ba, kuma iyakarsa koyar da sababbin shiga. A tsarin Birtaniya ma ba ya ba mutum izinin koyarwa a kan dutse na gaske, sai a filayen roba da na cikin gini, kuma ana buƙatar sa'o'i 35 na bin ƙwararren malami ana kallon aikinsa, da wasu 35 kafin mataki na biyu. Kwas na makonni 11 yawanci a mataki na biyu yake ajiye mutum. Na uku da na huɗu aikin shekaru ne. A kowane mataki ana ba da maki biyu, na zamiya da na koyarwa, kuma mutum na iya cin ɗaya ya faɗi ɗaya. Gwanin da ya fi kowa gudu a rukuni yana iya komawa gida hannu rabbana saboda ya bar ɗalibansa a tsaye cikin sanyi yana ta zuba, ko ya kai su gangaren da ya fi ƙarfinsu.

Faransa ta bi wata hanya dabam. A can koyar da zamiya don kuɗi sana'a ce da doka ta tsare, takardarta ta gwamnati ce, kuma makarantar ƙasa da ke Chamonix ce ke kula da horon. Tun a bakin ƙofa akwai jarrabawar tsere tsakanin sanduna, ana auna lokaci. Can gaba kuma akwai babbar jarrabawar gudu da aka fi sani da Eurotest, wadda Tarayyar Turai ta mayar ma'auni na bai-ɗaya a 2019. Ƙwararrun 'yan tsere ne ke fara sauka, a yi lissafi a fitar da lokacin da zakaran duniya zai yi a wannan hanya, sannan a ce namiji kada ya wuce wannan lokaci da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, mace kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ga wanda bai tashi yana tsere tun yarinta ba, wannan katanga ce mai tsawo. Akwai malamai masu shekaru da yawa a aiki da suka yi ta gwadawa suna faɗuwa. A 2014 ma 'yan sanda sun kama wani malami ɗan Birtaniya a Megève bisa zargin koyarwa ba da takardar da Faransa ta yarda da ita ba, shari'ar da ta ja hankalin jaridun ƙasashen biyu.

Hujjar Faransawa ba ta banza ba ce. Suna cewa dutse ba filin wasa ba ne, yanayi na juyewa cikin minti goma, kuma wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane ya kamata ya fi ƙarfin kowane gangare nesa ba kusa ba. Suna kuma kare abincin mutanen kwari, waɗanda kakanninsu makiyaya ne da manoma, hunturu kuma shi ne kakarsu. Makarantar zamiya ta Faransa, ESF, mai jajayen riguna, wadda ta samo asali a 1945, tana da malamai wajen 17,000, kuma a can mutum na iya riƙe iyali da wannan aiki har ya tsufa.

Duk da haka ina ganin agogo na auna abin da ba shi ne kan gaba ba. Matar da ta zo hutu tana da shekara hamsin, ƙafafunta na rawa a filin 'yan koyo, ba ta da buƙatar malamin da ke bin bayan zakaran duniya da 'yan daƙiƙoƙi. Buƙatarta wanda zai gane cewa tsoro ne ya ƙame mata gwiwa, ya san kalmar da zai faɗa da wadda zai haɗiye. Jarrabawar gudu tana tace 'yan tsere, tana kuma zubar da mutanen da suka koyi wasan da girmansu, alhali su ne suka fi tuna ɗacin koyo. A wannan gaɓa tsarin Kanada da na Birtaniya sun fi kusa da daidai, domin sun buɗe ƙofa ta ƙasa, suka ɗaura wa kowane mataki iyakar abin da mai shi zai taɓa.

Abin da talla ba ta faɗa

Inda Faransa ta yi gaskiya shi ne wajen mutuncin sana'ar, kuma a nan ne zargin da na ambata da farko yake da ƙarfi. Kuɗin kwas na makonni 11, idan aka haɗa da jirgi da kaya da inshora, yakan kusanci fam 10,000 ko ya haura. Wanda ya fito da mataki na biyu zai tarar da aikin da ake biya da sa'a, sa'ar da aka koyar kawai, a kan kuɗin da bai fi mafi ƙarancin albashi da yawa ba. Sabon malami shi ake bai wa 'yan shekara uku zuwa shida, ya yini yana ɗaga wanda ya faɗi, yana share majina, yana raka wannan bayan gida. Idan baƙi suka yi ƙaranci a tsakiyar mako, tsofaffin hannu ake fara bai wa aiki. Ga tsadar ɗaki a garuruwa irin su Whistler da Banff, inda ƙarancin masaukin ma'aikata ya zama ciwon kowace shekara. Aikin kuma na wata huɗu ko biyar ne, daga Disamba zuwa Afrilu. Mai son ya rayu da shi sai ya bi hunturu zuwa kudancin duniya, Niyu Zilan ko Ostireliya ko Chile, daga Yuni zuwa Oktoba, ko ya nemi wata sana'ar ta cike gurbin.

Takarda kuma ba biza ba ce. Tun daga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, matashin Ingila ba shi da 'yancin yin aiki a tsaunukan Faransa ko Ostiriya ko Italiya sai da izini, ziyara ma kwana 90 ce cikin kowane 180. Da yawa sun karkata zuwa Kanada da Japan, inda ake ba matasan wasu ƙasashe bizar hutu da aiki. Wanda fasfonsa ba ya cikin jerin, komai kyan makinsa, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Sama da duk wannan akwai dusar kanta. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta wallafa a 2023 ya duba filayen zamiya 2,234 a Turai, ya gano cewa idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin ɗari za su shiga babban haɗarin ƙarancin dusa muddin ba a haɗa da ta inji ba, idan kuma ya kai digiri 4 adadin zai kai kashi 98. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta yi gargaɗin cewa tsarin tattalin arzikin garuruwan zamiya ya fara gajiya. Matashin da ke shirin zuba shekaru biyar ko shida don kaiwa mataki na huɗu yana da haƙƙin a gaya masa wannan tun kafin ya biya kuɗin ajiya.

Saboda haka abin da nake nema daga masu shirya kwas ɗin bai da yawa. Su rubuta a fili cewa makonni 11 na kai mutum hawa na biyu ne a tsani mai hawa huɗu, su faɗi abin da ake biyan mai wannan mataki a sa'a, su faɗi ƙasashen da takardar ke aiki da waɗanda ba ta aiki. Wanda ya ji wannan ya ce ya yarda, ya sayi abu mai kyau da idonsa biyu. Wanda aka nuna wa hoton rana da shuɗin sama kaɗai, an sayar masa da rabin labari.

Abin da ya rage a hannu

Yawancin waɗanda suka yi kwas ɗin ba sa daɗewa a sana'ar. Hunturu ɗaya ko biyu, sai su koma karatu ko ofis. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa kuɗin ya tafi a banza, ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da aka taɓa tsayarwa a gaban yara takwas cikin sanyi, aka ce ya kai su ƙasa lafiya kuma su so dawowa gobe, ya koyi rage magana, da kallon mutum kafin gyara masa, da ɗaukar laifin faɗuwar ɗalibi a wuyansa.

Mai karatu da ke aiki a asibiti ko jami'a ko ɗakin labarai ya san yadda ake yi a wurarenmu. Wanda ya fi kowa iya aiki shi ake miƙa wa sababbin shiga, ba tare da an taɓa tambayar ko ya iya koyarwa ba. Likitan da ya ƙware a tiyata a ba shi ɗalibai, mai digiri na uku a tura shi aji, tsohon edita a ce ya horar da matasa. Idan ɗalibin ya kasa, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Masu zamiya sun daɗe da gane cewa sau da yawa gwanin ne ya manta yadda rashin iyawa yake, shi ya sa suke saukar da shi filin 'yan koyo, su sa ya haɗa goshin allunansa, su ba shi maki a kan abin da ɗalibinsa ya iya yi bayan awa guda.